Kafin ɗauki ya iso: 'yan sandan ko-ta-kwana a tsakanin Birnin Kudu da Gwaram

Wanda ya tsaya a mahaɗar Babaldu da hantsi zai ga arzikin kudancin Jigawa yana wucewa ta gabansa. Tireloli na gangarawa Ningi da Bauchi, motocin haya maƙare da fasinja na karkatawa hanyar Gwaram, ga a-kori-kura ɗauke da buhunan riɗi da shinkafa, ga fataken dabbobi da suka nufi kasuwar Sara da kuɗinsu a ƙugu. A gefen titi kuwa ba a rasa motar sintiri da 'yan sanda huɗu ko biyar, wani na ɗaga wa direba hannu, wani na zaune a inuwa da bindiga a cinya.

Da rana ke nan. Tambayar da ke damun mutanen ƙauyukan yankin ta dare ce: idan wasu suka dira a kan babura da ƙarfe biyu a wani gari da ke bayan Basirka ko Farin Dutse, suka nufi gidan mai shanu ko ɗan kasuwa, wa zai kawo ɗauki, daga ina zai taso, kuma minti nawa zai yi a hanya?

An san Jigawa da zaman lafiya idan aka kwatanta ta da Zamfara, Katsina ko Kaduna. Amma labaran sace mutane don kuɗin fansa, satar shanu, fashi a kan hanya da rikicin manoma da makiyaya sun isa kunnen kowa a ƙananan hukumomin da ke bakin iyaka. Shi ya sa maganar rundunonin 'yan sanda na musamman, waɗanda ake kira na ko-ta-kwana ko na kai ɗaukin gaggawa, ta fita daga ofisoshin Abuja ta shigo majalisar ƙofar gida.

Daren da Gwaram ba ta manta ba

A farkon watan Afrilun 2014, wasu 'yan bindiga da ake zargin 'yan Boko Haram ne suka afka wa garin Gwaram cikin dare. Sun kai hari ofishin 'yan sanda, da banki, da kotun shari'a. Kafin gari ya waye an kashe 'yan sanda bakwai da farar hula ɗaya, maharan kuma sun yi gaba.

Bayan kamar wata uku, a Yulin wannan shekara, jami'an tsaro suka kutsa dajin Balmo, wanda ya taso daga jihar Bauchi ya taɓo gefen Jigawa, suka sanar da gano maɓoyar makamai a ƙarƙashin ƙasa. A cikin watan ne kuma 'yan sanda suka ce sun kama wani babban kwamandan ƙungiyar a kan hanyar Darazo zuwa Basirka yana ƙoƙarin tserewa.

Abubuwan nan biyu sun fito da matsalar a fili. Ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukuma an gina shi ne don karɓar ƙara, binciken sata, raba faɗa da kai mai laifi kotu. Jami'ansa ba su da yawa, harsashinsu ƙidayayye ne, mota sau da yawa ɗaya ce. Idan gungun mutane masu manyan makamai suka zo da shiri, sai an nemi wani hannu daga waje. Wannan hannun shi ne rundunar musamman.

Su wane ne 'yan ko-ta-kwana?

A Najeriya ba runduna ɗaya ce ke wannan aiki ba. Wadda kowa ya fi sani ita ce ta 'yan sandan kwantar da tarzoma, wato mobal, masu bataliyoyi kusan 80 a faɗin ƙasa, ciki har da ta Dutse. A tsarin da aka saba, bataliya guda na da jami'ai 600 da 'yan kai, an kasa su rukuni-rukuni na mutum sittin da wani abu, don a iya ɗaukar rukuni guda a tura shi wani wuri ba tare da an kwashe bariki ba.

Bayan su akwai sashen yaƙi da ta'addanci, da sashen kwance bama-bamai, da sashen yaƙi da masu garkuwa da mutane da ke ƙarƙashin kwamishinan kowace jiha. A matakin tarayya akwai IRT, wadda aka kafa a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase, mai bin sawun masu laifi ta hanyar bayanan sirri da layukan waya. Ita ce ta kama fitaccen mai garkuwa da mutanen nan Evans a Legas a Yunin 2017. A 2019 Sufeto Janar Mohammed Adamu ya ƙaddamar da shirin Puff Adder don murƙushe 'yan fashin daji, a 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da shirin kafa rundunar ɗauki ta musamman mai jami'ai 40,000.

Sunaye sun yi yawa, amma aikin bai wuce 'yan abubuwa ba: ceto wanda aka sace, kai samame maɓoyar masu makamai, tarar 'yan fashi yayin da suke cikin aiki, kama mutumin da aka san ba zai miƙa wuya cikin sauƙi ba, kai agaji ofishin da aka kai wa hari, da shawo kan tarzoma idan ta fi ƙarfin 'yan sandan gari. Tsayawa a hanya ana duba takardun mota, ko shiga rigimar bashi da ta gona, ko riƙe wa babban mutum jaka, duk ba sa cikin wannan jeri.

Yadda aka faro

Ƙasashe da dama sun kafa irin wannan runduna ne bayan sun ji jiki. A Amurka, birnin Los Angeles ya kafa tawagar SWAT a ƙarshen shekarun 1960, bayan tarzomar unguwar Watts ta 1965. Jamus ta kafa GSG 9 a 1972, bayan yunƙurin ceto 'yan wasan Isra'ila a gasar Olamfik ta Munich ya ƙare da mutuwar dukan waɗanda aka yi garkuwa da su. Shekara biyar bayan haka, a 1977, wannan runduna ta ceto fasinjojin jirgin Lufthansa a Mogadishu ba tare da an rasa fasinja ko ɗaya a samamen ba.

A Najeriya an kafa mobal a farkon shekarun 1960, zamanin da rikicin siyasa ke ƙamari a Jihar Yamma da ƙasar Tibi. Tarihinta a Arewa na da darussa biyu da suka faɗo cikin shekara guda. A Afrilun 1980 aka tura su Bakolori, kusa da Talatar Mafara, inda manoma ke neman diyyar gonakin da madatsar ruwa ta cinye. An buɗe wuta. Hukuma ta ce mutum ashirin da wani abu ne suka mutu, mutanen yankin da masu bincike suka ce adadin ya kai ɗaruruwa. A Disambar wannan shekara kuma rikicin Maitatsine ya ɓarke a Kano, ya fi ƙarfin 'yan sanda har sai da aka kira soja, aka rasa rayuka sama da 4,000.

A Bakolori ƙarfi ya wuce kima a kan manoman da ke neman haƙƙinsu. A Kano ƙarfin ya gaza a gaban masu makamai. Duk horon da ake ba ɗan sandan musamman yana ƙoƙarin kauce wa waɗannan kurakurai biyu ne.

Daga SARS zuwa SWAT

An kafa rundunar SARS a Legas a 1992 don yaƙi da 'yan fashi. Da tafiya ta yi tafiya sai sunanta ya haɗu da azabtarwa, karɓar kuɗi da ƙarfi, bincike cikin wayoyin matasa da kisa ba tare da shari'a ba. Zanga-zangar EndSARS ta tilasta wa Sufeto Janar Mohammed Adamu rushe ta ranar 11 ga Oktoban 2020. Bayan kwana biyu ya sanar da kafa SWAT a madadinta.

A Arewa ra'ayi ya rabu. Ƙungiyar gwamnonin Arewa, ta bakin shugabanta na lokacin Simon Lalong, ta ce SARS na da amfani a yankin, gyara take buƙata. Mutanen da 'yan bindiga suka hana barci sun fahimci wannan magana. Waɗanda 'yan'uwansu suka shiga hannun rundunar suka fito da karaya, ko ba su fito ba sam, sun ga akasin haka.

Sharuɗɗan da aka gindaya wa sabuwar tawagar sun nuna inda ciwon yake. An ce tsohon ɗan SARS ba zai shiga ba. Dole jami'i ya yi aƙalla shekara bakwai yana aiki ba tare da tabon laifi ba, a duba lafiyar jikinsa da ta ƙwaƙwalwarsa, a gwada shi ko yana shan ƙwaya. An haramta musu sintirin yau da kullum da binciken waya ko kwamfutar mutane barkatai, aka ce ba za su fita ba sai bisa bayanan sirri. Rukunin farko, jami'ai sama da 1,800, sun yi horon 'yan makonni a Ila Orangun ta jihar Osun da Ende Hills ta jihar Nasarawa, kuma aka sanar cewa ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya za ta koyar da su dokokin kare haƙƙin ɗan Adam da ƙa'idar amfani da ƙarfi.

Masu suka sun ce 'yan makonni ba su isa su sauya halin da aka yi shekaru ana ginawa ba. Shari'ar Abba Kyari, tsohon shugaban IRT, wanda aka dakatar a 2021 kuma hukumar NDLEA ta tsare shi a 2022, ta ƙara nuna cewa shahara da yawan kame ba sa maye gurbin sa ido.

Abin da ake koyarwa a sansani

Kurtun ɗan sanda na yin kamar wata shida a makarantar horo. Hafsan da ya bi ta Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil, wadda ke kan hanyar Kano daga Birnin Kudu, yana yin shekara biyar ya fito da digiri. Horon rundunar musamman ƙari ne a kan wannan, kuma wanda ya riga ya san aiki ake ɗauka.

Shekaru da dama sansanin Limankara da ke kusa da Gwoza shi ne gidan wannan horo. An zaɓe shi don duwatsu da zafi da nisa daga gari. A Agustan 2014 Boko Haram ta mamaye shi, jami'ai da dama suka ɓace, nauyin horon ya koma Ila Orangun, daga baya aka buɗe Ende Hills.

Ana farawa da jiki: gudu da kaya a baya, hawan dutse, rarrafe, jure ƙishirwa da rashin barci. Sai makami. Jami'i zai kwance bindigarsa ya haɗa har hannunsa ya saba ko cikin duhu, ya koyi gyara ta idan ta cije, ya koyi ajiye yatsa a wajen kunama har sai ya yanke shawarar harbi. A filin harbi ana cakuɗa hoton mai makami da na wanda ba shi da komai, don ido ya riƙa tantancewa kafin hannu ya motsa.

Shiga gida shi ne darasin da aka fi maimaitawa. Mutum huɗu ko biyar za su jeru a jikin bango, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa. Na ƙarshe ya matsa, saƙon ya bi layi har ya kai na farko, alamar kowa ya shirya. Da an buɗe ƙofa, na farko ya ɗauki kusurwa ɗaya, na biyu ya ɗauki ɗayar, ba wanda zai tsaya a bakin ƙofa, ba wanda bakin bindigarsa zai ratsa ta kan abokinsa. A gidan Bahaushe na karkara abin ya fi haka wuya. Akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai ɗakunan mata da yara, akwai rumbu da turken dabbobi, katangar kuma ta ƙasa ce ko dangar kara, wadda harsashi ke ratsawa ya sami maƙwabci. Tawagar da ta yi atisaye a ginin siminti kaɗai za ta iso irin wannan gida da rabin ilimi.

Akwai kuma darasin tsira daga kwanton ɓauna, karanta taswira, magana ta rediyon oba-oba a taƙaice, da agajin farko. Wanda harsashi ya tsinka masa babbar jijiya a cinya yana iya mutuwa cikin 'yan mintuna. Ɗaurin tsayar da jini, wanda ake zagayawa sama da raunin a murɗa har jinin ya tsaya sannan a rubuta lokacin da aka ɗaura, shi ke ba shi damar isa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu da ransa. Jami'in da ya iya wannan zai ceci abokin aikinsa, ya ceci wanda aka sace, ya ceci ma wanda ake zargi don ya fuskanci alƙali.

Darasin da ba a cika magana a kansa ba shi ne lallashi. A ƙasashen da tsarin ya kafu, yawancin kiran da ake yi wa tawagar musamman na ƙarewa ba a harba ko harsashi ɗaya ba: a kewaye wuri, a buɗe hanyar magana, a jira. Abin da ya faru a unguwar Mabera ta Sakkwato a Maris ɗin 2012 ya nuna haɗarin samame. Dakarun Najeriya da na Birtaniya sun shiga ceto injiniyoyi biyu, Bature ɗan Ingila da ɗan Italiya, masu garkuwar suka kashe su kafin a kai gare su.

Yaushe doka ta yarda a harba?

Shekaru masu yawa, dokar cikin gida ta 'yan sanda mai lamba 237 ta ba jami'i damar harbin wanda ake zargi idan ya gudu, da harbin masu tarzoma idan sun ƙi watsewa. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya Philip Alston, wanda ya ziyarci Najeriya a 2005, ya yi kakkausar suka a kanta. A 2019 aka sake rubuta ta don ta dace da ƙa'idojin da Majalisar ta amince da su a Havana a 1990: ba a harbin kisa sai in babu wata hanyar kare rai daga haɗarin da ke gab da aukuwa.

Wasu dokokin sun ƙara ɗaure aikin. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da duka don a tilasta wa mutum amsa laifi babban laifi. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1943, ta hana kama uwa ko ƙane a madadin wanda ake nema. Tsarin mulki kuma ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu.

A fagen tarzoma akwai matakai: gargaɗi da lasifika, barin hanyar da jama'a za su fice, garkuwa da kulki, sannan barkonon tsohuwa. Harbi sama ma haɗari ne, domin harsashin da ya tashi dole ya sauko a kan wani abu. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 ta gwada wannan ilimi. A Jigawa an fasa rumbunan gwamnati, har Gwamna Umar Namadi ya sa dokar hana fita ta sa'a 24. Daga baya Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohi shida, ciki har da Jigawa. Rundunar 'yan sanda ta musanta rahoton.

Ƙasa mai iyaka da jihohi biyu

Birnin Kudu na iyaka da jihar Kano ta yamma da Bauchi ta kudu. Gwaram kuwa ta kutsa cikin Bauchi, jihar ta kewaye ta ta ɓangarori da dama. Ƙidayar 2006 ta ba Birnin Kudu mutum sama da 300,000, Gwaram kuma sama da 270,000, kuma babu shakka yanzu sun fi haka nesa. Ga duwatsu, ga fadamu, ga koguna da ke cika da damina su yanke ƙauyuka daga titi. Ta gabas akwai Balmo, ta kudu maso yamma akwai dazukan Burra da Lame, gaba kaɗan kuma Falgore.

Daga Dutse zuwa Birnin Kudu ba a cika sa'a guda ba. Zuwa Gwaram ya haura sa'a, zuwa ƙauyukan bakin iyaka sai a ƙara hanyar burji a kai. Mai satar mutum kuwa minti ashirin ya ishe shi. Da ya tsallaka wani rafi ya shiga hurumin wani kwamishina, a wata shiyyar 'yan sanda daban, domin Jigawa na ƙarƙashin shiyya ta ɗaya mai hedikwata a Kano, Bauchi kuma ba ta cikinta. Kiran waya daga wannan ofis zuwa wancan na iya cin lokacin da ake buƙata don bin sawu.

Rashin tuntuɓar juna ya taɓa jawo asara mai ciwo. A Agustan 2019, a kan hanyar Ibi ta jihar Taraba, sojoji suka buɗe wa motar jami'an IRT wuta bayan sun kamo Hamisu Wadume, wanda ake zargi da garkuwa da mutane, aka kashe 'yan sanda uku. A Mayun 2013 kuma, a Alakyo ta jihar Nasarawa, jami'ai sama da 60 suka mutu a kwanton ɓaunar 'yan ƙungiyar Ombatse, abin da ya nuna an san da zuwansu tun kafin su iso. Bayanin da ya zube da bayanin da ba a isar ba duk suna kashe jami'i.

Nan ne mai unguwa, dagaci, ardo, mafarauci da ɗan sintiri ke shigowa. Su suka san wace hanya babur ke bi, wane baƙo ne ya sauka a wace ruga, wa ya fara sayen burodi da fetur fiye da buƙatar gidansa. Tawagar da ta zo daga nesa ba ta da waɗannan idanu sai an ara mata.

Abin da kowane ɓangare ke gani

Manoma da 'yan kasuwa na son ganin motar mobal kusa, musamman lokacin kaka da ranakun kasuwa. Kukansu shi ne jinkiri, da tsoron kai rahoto: wanda ya faɗi sunan ɓarawo yau, gobe yana iya ganin ɓarawon ya dawo gari ya san wanda ya tona shi.

Makiyaya na da nasu ƙorafin. Sau da yawa samame kan faɗa kan ruga gaba ɗaya, a kwashi mai laifi da marar laifi, sai an sayar da saniya kafin a karɓo mutum. Alhali su ne kan gaba wajen asarar shanu da sace 'ya'ya. Rikicin burtali da ɓarnar gona kuwa aikin sulhu ne, na hakimai da hukumar sasanta manoma da makiyaya ta jihar. Idan aka bari har sai an kira masu bindiga, an riga an makara.

Lauyoyi da masu kare haƙƙi na nuna damuwa kan sanarwar da aka saba ji, cewa an kashe waɗanda ake zargi a musayar wuta. Suna so duk harbin da ya ɗauki rai a bincike shi daga wajen rundunar da ta yi shi, a kuma daina gabatar da mutane gaban 'yan jarida kafin alƙali ya gan su. Alal misali, kisan matasa shida na Apo a Abuja a 2005, waɗanda aka fara cewa 'yan fashi ne, sai a 2017 kotu ta yanke wa jami'ai biyu hukunci a kansa.

Jami'an su ma suna da abin faɗa. Najeriya na da 'yan sanda wajen 370,000 ga al'umma sama da miliyan 200, kuma an daɗe ana kukan cewa dubbai daga cikinsu, har da mobal, suna gadin manyan mutane. Wanda aka tura daji na iya yin watanni bai ga iyalinsa ba, alawus ya maƙale, rigar sulke ba ta isa kowa ba, mota ba mai. Yana ganin yadda iyalan abokansa da suka mutu ke fama kafin a biya su haƙƙinsu, yana ganin tsofaffin 'yan sanda na zanga-zanga kan fansho. An kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda a 2019 don horo da kayan aiki, amma ɗan sandan da ke bakin iyaka da abin da ya iso hannunsa yake auna shi. Ga kuma ciwon da ba a gani: mutumin da ya ɗauki gawar abokinsa jiya, yau an ba shi bindiga an tsayar da shi a gaban jama'a, babu likitan da ya zauna da shi.

Abin da yankin ke buƙata

Matsalar farko ta nisa ce, maganinta kuma matso da tawaga kusa. Ƙaramin sansani na dindindin a tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, mai motoci masu lafiya da babura don hanyoyin da mota ba ta shiga, zai rage tafiyar sa'a biyu ta koma ta rabin sa'a. Yana buƙatar layin rediyo ɗaya da ofisoshin Ningi, Warji da Darazo a Bauchi da na Sumaila da Takai a Kano, da yarjejeniyar da za ta ba mai bin sawu damar tsallaka iyaka yana sanarwa a hanya.

Ta biyu ta horo ce. Ƙwarewar harbi da ta shiga gida na dushewa idan aka yi watanni ba a taɓa su ba, saboda haka atisaye ya kamata ya zama na kowane wata, a ƙasa irin wadda za a yi aikin, da jami'an da ke jin Hausa da Fulatanci. A kuma riƙa sauya su kafin gajiya ta ci su, a sake gwada lafiyar ƙwaƙwalwarsu lokaci-lokaci.

Ta uku ta amana ce. Kowane jami'i ya fita da suna ko lamba a ƙirji, a rubuta harsashin da ya karɓa da wanda ya mayar, a rubuta sunan duk wanda aka kama da inda aka kai shi. Doka ta tanadi alƙalan majistare su riƙa ziyartar wuraren tsare mutane, kuma akwai sashen karɓar ƙorafi na rundunar, da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Mutumin gari irin su Kila ko Sundimina ba zai amfana da su ba sai an sanar da shi a rediyo, da harshensa, yadda zai kai kuka ba tare da ya je Dutse ba.

Wasu daga cikin waɗannan matakai sai Abuja ta sa hannu, domin 'yan sanda na tarayya ne. Amma fili, gini, motoci, mai da gyaran hanyoyin karkara abubuwa ne da gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin biyu ke iya sawa a kasafin kuɗinsu, kuma 'yan majalisar da ke wakiltar Birnin Kudu da Gwaram a Dutse da Abuja na da hurumin tambayar nawa aka ware da inda aka kashe shi.